Tsokar da Mama ta Ajiye

Ta kai cokalin baki, ta juya miyar a kan harshe, sannan ta tofar a kofin da ta ɓoye bayan tukunya.

"A ƙara gishiri," ta ce.

Ita ce shugabar kicin ɗin otal, duk abin da zai fita sai ta ɗanɗana. Amma likita ya ce ba zai dasa wa mahaifiyarta ƙodarta ba sai ta rage ƙiba. Tun ranar yunwa ta tare a cikinta, tana kuka kamar kyanwar da aka kulle a ɗaki.

"Ranki ya daɗe, wane mai sa'ar ne ya ce siririya yake so?" in ji mai soya kaji.

"Kula da kajinka, suna ƙonewa."

Da yamma ta je asibiti. Mama, wadda ba ta san wa zai ba ta ƙodar ba, ta ƙare mata kallo.

"Dubi wuyanki! Kina ciyar da gari guda, ke kina bushewa?" Ta buɗe faranti, ga tsokar nama, rabonta na rana da ta hana kanta. "Buɗe baki."

Ta buɗe. Ta tauna a hankali, daɗin ya ratsa ta har idonta ya kawo ruwa.

"Da daɗi?"

Ta gyaɗa kai, ta sumbaci goshin tsohuwar, ta fita. Sai da ta ja ƙofa ta tofar a hankici, ta ninke shi da kyau, ta nufi ɗakin da ma'auni yake.