Ƙasan Silifas ɗin Mama

Wata Asabar ce a Madakiya, ina yarinya, ruwa ya ɗauke da yamma. Mama na da tsohon ciki, kuma da safe santsi ya kusa kayar da ita a matakalar coci da ta je shara.

Baba ya ce in kawo silifas ɗinta. Ya juya su, ya kama yatsana ya goga a ƙasansu. Sumul kamar sabulu.

Ya ce, "Kin ji ko? Ba abin da zai kama siminti. Dunduniya ke fara taɓa ƙasa. In ta zame, sauran jiki bin ta zai yi."

Ya sa wuƙa a garwashi har ta yi ja, ya shiga tsaga robar layi-layi, yana zurfafawa a dunduniya. Mama ta toshe hanci tana faɗa wai zai ɓata mata takalmi. Ko ɗagowa bai yi ba.

A bara na sa wa Baba tayil a ɗaki, ina ta alfahari. Da na je Kirsimeti na tarar yana tafiya yana dafa bango. Na juya silifas ɗinsa, sumul. Na kira ƙanena, wanda yake cikin Mama a waccan ranar, na ce ya hura mini gawayi.