Gyaran Masar

Alhaji Sada ya yi wurgi da kwanon tuwo.

"Luba, ke wace irin mace ce? Shekara huɗu ina nan kamar gawa, ban iya kusantarki. Na je har Masar, likita ya tsaga gabana ya dasa roba. Na sha azabar ɗinki, mutanen Kankiya suna yi mani sannu da aikin ƙaba. Yanzu na warke, kullum sai ki juya mani baya?"

Luba ta ja da baya.

Ya sassauta murya. "In tsoron robar kike, ki kwantar da hankalinki. Ba ta cizo."

Ta fice.

Washegari ta hau motar Kusada. Da isarta gidan boka Jaji, ko sallama ba ta yi ba, ta jefa masa wani kwaɗo mai tsatsa.

"Maƙaryaci! Shekara huɗu ke nan, kai ka ce in na kulle kwaɗon nan na jefa makullin a rijiya, Alhaji da matan otal sai a lahira. Ga shi tun ɗinki bai gama kamewa ba na tsinci ɗan kunne a Marsandinsa, kuma ba nawa ba ne!"