Tanderun Gas a Ƙarƙashin Tamfol

Kai da kake cewa sai sauyi ya yi sallama za ka yi masa shimfiɗa, zauna in ba ka misali, ko da yake na san hali, gobe za ka faɗa a majalisa ka ce kai ka ƙago.

Akwai wani mai gidan burodi, tsohon gida ne da ya gada, rabin masu shayin garin a wurinsa suke sari. Da itace suke gashi. Da aka fara hana saran daji, motocin itace suka koma zuwa jefi-jefi, sai tsoro ya kama shi. Ya sayo tanderun gas mai fanka a ciki, aka girke a lungu. Sai kuma wani tsoron ya danne na farko. In burodi ya sauya ɗanɗano masu shayi suka watse fa? In tukunyar gas ta fashe fa? Ga tsofaffin ma'aikata suna hararar abin kamar shi zai ci gadonsu. Sai ya rufe shi da tamfol. In baƙi sun zo a yaye, su yaba, a mayar. Duk wanda ya ce a gwada ko da kwano ɗaya ne, sai ya ce, "Bari dai tukuna."

Ranar da itace ya yanke ƙaf, kwaɓi ya riga ya tashi a kwanuka, masu shayi sun jera babura a ƙofa. Aka kunna, kowa ya ja da baya. Su kuwa awon zafi ɗaya suka sani a gidan: a watsa gari a ƙasan tanderu, in ya yi ja, wuta ta yi. Babban mai gashi ya watsa, fanka ta kwashe garin ta maido masa a fuska. Ya sake, haka. Ya ce, "Alhaji, wutar nan ba ta kama ba." Mai gida ya ce a ƙara. Aka murɗa har ƙarshe, aka cika shi da kwanuka. Burodi ya fito baƙi ƙirin, cikinsa ɗanye. Mai gida yana tsaye cikin ƙauri yana jin babura suna tashi ɗaya bayan ɗaya, sun nufi gidan maƙwabcinsa, wanda ya daɗe yana ƙona kwano ɗaiɗai har ya gane kan nasa tanderun na gas.

Shi ya sa Bahaushe, wanda ya kusa kamo ni a hikima, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.