Sawun Kawu Ilu

Ina ƙarami aka yi wata kokowa a Korgom, bayan an gama yankan hatsi. Kawu Ilu, ƙanen innata, shi ne gwanin garinmu. Kakana kuwa ba ya zuwa fili sai da reshen sabara a hannu. Duk inda Kawu ya taka, yakan bi ya share, kada wani ya ɗebi ƙasar sawun ya kai wa boka.

Ran nan baƙi biyu suka zo a mota, suka kafa kamara. Suka ce za a nuna wasan a tele, wato talabijin, har ƙasar Turawa.

Kaka ya dube su sama da ƙasa. "Mutanen can sun san Ilu ne?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "A'a, Baba, kallo kawai za su yi."

"Wa ya ba ku izini?"

"Mun yi magana da manya."

"Ni na haife shi, ba a yi da ni ba."

Kawu ya kada abokin karawarsa, fili ya ɗauki sowa. Kaka ko murmushi bai yi ba. Ya share sawun, ya tsaya yana hararar kamarar, ya ce mini, "Na ƙasa na share. Wanda ya shiga cikin wancan fa?"

Bara, bayan rasuwar Kawu, ɗana ya gano wasan a waya. Na so in sake ganinsa tsaye, ko sau ɗaya. Muka danna, rubutu ya fito da Faransanci, wai ba a yarda a kalle shi a ƙasarmu ba.

Kaka, ashe sun ɗebi sawun.