Ba Ya Amsa Usman

Gado ɗaya na fara gani a ɗakin da aka ba ni a Manchester. Ina shekara tara aka kwantar da Mama a asibiti. Gidajen renon yara na ƙaramar hukuma sun ragu, sai iyalan wani coci suka karɓi riƙonmu. Babu mai wurin yara biyu, aka wuce da ƙanena Birmingham.

Dattijuwar gidan ta duba takarda ta ce, "Usman zai saba, 'yata."

Sunan kakanmu ne, ba ma kiransa da shi. Shekararsa biyu. Har yau nakan hango shi a raina cikin baƙi, ana ta kira bai waiwaya ba.

Da ƙyar na buɗe baki. "Anti, don Allah ki buga wa masu riƙonsa waya. Su ce masa Abba."