Ruwan Baƙo

Tun da gwamnati ta sa wa rijiyoyi murfi mai magana, ni Sammani na zama ɗan kasuwar ruwa ban sani ba. Na ba maƙwabciyata Gwaggo Tasallah guga ɗaya, bayan kamfanin ruwan roba mai lasisi ya zuƙe tata rijiyar. Doka kuwa ta ce ba wa bare ruwa sana'a ce, sai da lasisi, kuma mai bayarwa da mai sha duk masu laifi ne. Aka yanke a toshe rijiyata, na ɗaukaka ƙara.

Jami'in da zai duba ƙarar ya iso da azahar, leɓensa a bushe kamar ƙanzo. Na shimfiɗa masa tabarma, na ja guga, na cika moɗa.

"Malam Sammani, ka san doka fa," in ji shi.

"Na sani, yallaɓai. Amma a gidan ubana ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. In ba za ka sha ba, sai mu yi ta kallon juna."

Ya dubi moɗar, ya dubi ƙofa. Can ya yi bisimilla ya shanye, har da ajiyar zuciya.

Murfin rijiya ya ce cikin ladabi, "Baƙo ya sha. An aika sunansa ofis."

Na karɓi moɗar. "To yallaɓai, yanzu mu biyu ne masu ƙara. In ƙaro maka?"