Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Tun da cikakkiyar inshorar lafiya ta gagari talaka, aka fito da mai araha: uwa da ɗa guda, wanda ta ambaci sunansa a gaban na'ura. Domin Mamuda mai ciwon ƙoda Inna Dije ta je rajista. Amma shi ɗan fari ne, ga surukai da maƙwabta a layi. Kunya ta riƙe mata baki, ta ce Sallau, ƙanensa.

Yau Mamuda na zaune a bencin asibiti, ƙafafu a kumbure. Likita ya ce in ba a fara wankin ƙoda ba, da wuya ya kai wata.

"Iya, ai ana canjawa," in ji wata ma'aikaciyar asibitin, tana nuna wa Inna na'urar. "Faɗi sunan kawai."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara ashirin da bakwai "wannan yaron" take ce masa.

"Mamuda," ta ce.

"An karɓa," in ji na'urar. "Zai fara aiki bayan kwana casa'in."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. Mamuda bai ko dubi na'urar ba. Ya kamo bakin mayafin uwarsa.

"Inna," ya ce a hankali, "ƙara faɗa."